Wane Bayahuden kuke nufi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wata kalma da nake yawan cin karo da ita a kanun labaranku tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023. Kalmar ita ce "Yahudawa". Jirgin yaƙin Isra'ila ya rusa gida a Khan Yunis, sai a rubuta Yahudawa sun kai hari. Gwamnatin Netanyahu ta tsare motocin abinci, sai a ce Yahudawa sun hana. Ni ma hotunan yaran Gaza suna hana ni barci, kuma ba na neman a sassauta wa maɓarnaci ko da harafi ɗaya. Abin da nake nema shi ne a kira mai laifi da sunansa, domin wannan kalma tana kwaso miliyoyin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Shekarun baya na je ziyara Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Da muka gama, jagoranmu ya bi da mu ta wata tsohuwar unguwa kusa da fadar sarki, ana ce mata Mallah, unguwar Yahudawa tun ƙarni na 15. A ƙofar maƙabartarsu mai fararen kaburbura na tarar da wani dattijo da 'yar hula a tsakiyar kai, yana hira da mai gadi cikin Larabcin Maroko, suna dariya irin ta tsofaffin maƙwabta. Ta bakin jagoranmu na tambaye shi ko shi mutumin ina ne. Ya ce mutumin Fas. A unguwar aka haife shi, iyayensa suka tafi da shi Faransa yana yaro, kuma duk shekara yakan dawo ya ziyarci kabarin kakansa. Bai taɓa zama a Isra'ila ba. Ba ya cin naman alade, amma bai cika zuwa wurin ibada ba sai ranar babban azuminsu na Yom Kippur. Duk sanda na ga kanun labarinku sai fuskar dattijon nan ta faɗo mini, in ce to shi kuma me ya yi?

Haɗuwar nan ce ta sa na koma karatu a kan su. A shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000. Yau 'yan dubbai kaɗan suka rage, amma tsarin mulkin ƙasar na 2011 ya lissafa gadon Ibraniyanci cikin abubuwan da suka gina Maroko, kuma André Azoulay, Bayahude ɗan garin Essaouira, ya daɗe yana mai ba sarki shawara. A Iran ma, duk da gabarta da Isra'ila, akwai kujerar Bayahude a majalisa. Yahudawan duniya gaba ɗaya sun ɗan haura miliyan 15. Kimanin miliyan 7 ne ke Isra'ila, sama da miliyan 6 na Amurka, sauran na warwatse a Faransa, Kanada, Ingila, Ajantina da sauran wurare. A cikin masu riƙe da takardar zama ɗan ƙasar Isra'ila kuma, kusan mutum ɗaya cikin biyar Balarabe ne, Musulmi ko Kirista ko Baduruze (mabiyin wani ƙaramin addini na yankin).

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu ba su daidaita a kan wane ne Bayahude ba, har kotu suke kai juna. Mu a nan ɗa na uba ne. Su kuwa a tsohuwar shari'arsu ta uwa ake bi: wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne, ko ya yi ibada ko bai yi ba, sai kuma wanda ya shiga addinin a hannun malamansu. A 1983 ɓangaren masu sassauci na Amurka, waɗanda ake kira Reform, suka ce ɗan Bayahude ta wajen uba ma nasu ne idan an rene shi a kan addinin. Masu riƙon gargajiya har yau ba su yarda ba. Ke nan mutum ɗaya zai iya zama cikakken Bayahude a wannan majami'a, ya tsallaka titi a ce masa bare.

Isra'ila ta kafa Dokar Komawa a 1950, wadda ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. Ba a jima ba aka gwada ta. Oswald Rufeisen Bayahude ne ɗan Folan, ya ceci 'yan uwansa da dama daga hannun 'yan Nazi, daga baya ya shiga Katolika har ya zama limamin coci. Ya nemi a karɓe shi a ƙarƙashin dokar, yana cewa addini ya sauya amma bai fita daga al'ummarsa ba. A shari'ar malamansu yana da gaskiya, tunda uwarsa Bayahudiya ce. Kotun ƙoli a 1962 ta ƙi. Ya zauna a Haifa dai, amma ta hanyar da kowane baƙo ke bi ya samu zama ɗan ƙasa. A 1970 aka gyara dokar, aka cire wanda ya koma wani addini, aka kuma buɗe ƙofa ga 'ya'ya da jikokin Bayahude da matansu ko mazajensu. Gyaran nan ya haifar da wani rikicin. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, kimanin mutum miliyan ɗaya suka kwararo Isra'ila, kuma dubban ɗaruruwa daga cikinsu hukumar malamai ba ta ɗauke su Yahudawa ba. Suna aikin soja, suna biyan haraji, amma da yake ɗaurin aure a can yana hannun malaman addini, da yawa sai sun hau jirgi zuwa tsibirin Ƙubrus kafin a ɗaura musu.

Labarin Yahudawan Habasha, Beta Isra'ila, ya fi taɓa ni, wataƙila don fatarsu irin tawa ce. An daɗe ana musun ko su Yahudawa ne, sai a 1973 babban malami Ovadia Yosef, haifaffen Bagadaza, ya yanke hukuncin cewa su ne. Dubbai suka tako da ƙafa zuwa sansanonin gudun hijira a gabashin Sudan, da yawa suka mutu a hanya, aka fara kwashe waɗanda suka rayu zuwa Isra'ila a 1984. A Mayun 1991 aka sake ɗebe sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana ɗaya da rabi. To sun isa ƙasar da suka yi ƙarnoni suna addu'ar gani, sai ga shi a 1996 ta bayyana cewa jinin da suke bayarwa gudummawa zubar da shi ake yi a ɓoye. Suka fito zanga-zanga a Ƙudus. Har gobe matasansu na kukan wariya daga 'yan sanda.

Ga kuma waɗanda ba ruwansu da ibada sam. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na Yahudawan Amurka suna cewa ba su da addini, amma Yahudawa ne ta asali ko al'ada. Da farko abin ya ɗaure mini kai, sai na duba gida. Bafulatanin birni da bai san "jam" ba ballantana ya riƙe sanda, in ka ce masa Kaɗo sai ku ɓata. Jikan mahajjatan ƙafa da aka haifa a Sudan, wanda Larabci ya fi masa sauƙi a baki, yana nan yana ce wa kansa Bahaushe. Ga Maguzawa, ga Hausawa Kiristoci. In aka tambaye mu me ya mai da mutum Bahaushe, harshe ne, ko jini, ko addini, ko garin da aka binne kakansa, mu ma sai mun kwana muna gardama. Haka abin yake a wurinsu, sai dai nasu ya fi yawan rassa, domin akwai zuriyar masu jin Yidish na gabashin Turai, akwai jikokin waɗanda aka kora daga Andalus a 1492, akwai na Yaman da Iraƙi da suka yi ƙarnoni suna mafarki da Larabci.

Batun Sahayoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa, ma tun ran gini tun ran zane kansu a rabe yake. A 1897 Theodor Herzl ya kira taron farko na masu neman kafa ƙasar Yahudawa a birnin Basel. A wannan shekarar dai wasu ma'aikata Yahudawa suka kafa ƙungiyar Bund a Vilna, suna cewa inda aka haife su nan ne gida, a nan za su nemi haƙƙinsu. Mabiya ɗariƙar Satmar, masu baƙaƙen riguna da ke Brooklyn, sun riƙe cewa haramun ne a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da suke jira. A Oktoban 2023 ƙungiyar Jewish Voice for Peace ta cika babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a Niyok tana kiran a tsagaita wuta, aka kama ɗaruruwa. B'Tselem, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta cikin Isra'ila kanta, ta kira tsarin da ake yi wa Falasɗinawa mulkin wariya tun Janairun 2021.

Ba zan yi maka rufa-rufa ba, Malam Edita: waɗannan ba su ne masu rinjaye ba. Yawancin Yahudawan duniya suna jin Isra'ila a ransu. Mutanen da aka hallaka musu miliyan 6 a zamanin Hitila, ƙasashe suka rufe musu ƙofa lokacin da suke gudu, ba abin mamaki ba ne su so a ce akwai wuri ɗaya da ba za a kore su ba. Wannan bai wanke korar Falasɗinawa a 1948 ba, bai halatta ƙwace gonakin Yammacin Kogin Jodan ba. Amma mai ƙaunar wuri daban, mai ba da umarnin jefa bam daban, kuma aikin jarida ne ta bambance su.

Mu fa mun san zafin irin wannan kuɗin goro. Sau nawa muka yi ƙorafi idan jaridun waje suka rubuta "Musulmi" a inda ya kamata su ce Boko Haram? Sau nawa Bafulatani mai kiwonsa ya sha duka ko kora saboda wasu jaridu sun mai da sunan ƙabilarsa daidai da ɗan bindiga? Ga shi a bakinmu "Bayahude" ta riga ta zama zagi, ana jefa wa marowaci da maci amana. Yaron da ya tashi yana jin haka a gida, ya kuma karanta haka a jarida, me zai ɗauka game da maƙwabcinsa? Maganar ba ta nesa ba ce, domin akwai 'yan ƙabilar Ibo da ke bin addinin Yahudanci, suna da wuraren ibada a Abuja da kudu maso gabas, kuma Isra'ila ma ba ta karɓe su a ƙarƙashin Dokar Komawa ba. Allah Maɗaukaki da Ya yi maganar Ahlul Kitabi a Suratu Ali Imrana cewa Ya yi ba duka suka zama ɗaya ba, kuma a Suratul Ma'ida Ya hore mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Roƙona ƙarami ne, ba zai ci muku ko layi ɗaya ba. Idan soja ne ya yi harbi, a rubuta sojojin Isra'ila. Idan doka ce, a ce gwamnatin Isra'ila ko majalisarta. Idan waɗanda suka ƙona gonar zaitun ne, a ce 'yan kama-wuri-zauna, a faɗi ƙauyen. A ajiye "Yahudawa" sai inda maganar ta shafi addinin ko al'ummar baki ɗaya. Zan kuma so wata rana ku ware shafi ku kawo wa masu karatu tarihin Yahudawan Maroko da na Habasha, tunda duka a nahiyarmu suke.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya kawo wa mutanen Gaza sauƙi, Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya