Askake 31 da zabirar mahaifina: wa zan ba, me zan riƙe?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da aiki, tare da sauran ma'aikatan gidan rediyo. Daga unguwar Mokoyo nake rubuto maka, nan cikin Maradi. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ɗan wanzami ne, sai dai ban gaji sana'ar ba. Babbar mota na tuƙa shekara 28, ina ɗauko kaya daga Kwatano da Paraku, in biyo ta Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni in sauke a gida. Amma son aska bai bar ni ba. Duk inda na tarar da tsohuwar askar Turawa mai naɗewa cikin marikinta, a wajen 'yan gwanjo ko a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, sai na saya. Akwai waɗanda aka buga wa sunan Solingen na Jamus, akwai na Thiers ta Faransa, da guda biyu na Sheffield ta Ingila. Yanzu ina da aska 31, da buroshin kumfa 12, da duwatsun wasa, da fatar da ake goga kaifi. Har gobe da aska nake gyara fuskata ran Juma'a: in jiƙa buroshi da ruwan ɗumi, in tayar da kumfa, in bi gemu a hankali kamar yadda na ga Baba yana yi wa mutane a zaure.

Ga abin da ya taso. Za a raba gidanmu na gado, ni da iyalina za mu koma ɗaki biyu a wajen Ali Ɗan Sofo. Akwatin ƙarfen da kayan ke ciki ba shi da wurin zama a can. Kuma ƙarfin kula da su ya fara ƙare mini. Irin wannan ƙarfe ba ya jure laima. Da damina, in na yi sati biyu ban shafa musu mai ba, sai tsatsa ta fito a bakin kaifi. Da hunturu kuma marikin ƙaho ya tsage. Bara ƙwari sun cinye mini buroshi biyu, sai na tarar da gashin a zube kamar ƙaiƙayi. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Waɗanda na saya da kuɗina, zan iya rabuwa da mafi yawansu. Na ware huɗu da hannuna ya saba da su, da buroshi biyu. Sauran ne ban san hanyarsu ba. Na kai uku babbar kasuwa, wani ya taya jikka ɗaya kowace, ya ce yanzu injin aski da reza ake yayi, wa zai zauna wasa ƙarfe? Na yi tunanin in raba wa matasan wanzamai kyauta, sai zuciyata ta ƙi. Aska ɗaya in ta bi kan mutum goma ba a dafa ta ba, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan zuwa wancan, shi ya sa likitoci ke cewa kowa da rezarsa. In na ba yaro aska ya cutar da wani da ita, ashe ba ni da kamasho a ciki?

Akwai kuma maganar buroshi. Wasu da gashin wata dabbar daji ta ƙasashen Turai aka yi su, wadda Faransawa ke kira blaireau, har buroshin ma sunanta ya ci. Amma kwanan baya ɗana ya karanta rubutun jikin guda uku, ya ce na gashin alade ne. Wani malami ya ce mini a mazhabarmu gashin da aka aske ba najasa ba ne, wani ya ce in ƙone su. Ya halatta in sayar ko in kyautar da su?

Wadda ta fi hana ni barci ita ce zabirar Baba. Askakensa na maƙera ne, ƙirar gida, da ƙaho uku, da hantsaki, da 'yar tsaga. Da ɗaya daga cikin askaken nan aka yi mini askin suna, da ita na ga an yi wa duk 'ya'yana. Tun rasuwarsa zabirar take hannuna, ba wanda ya taɓa tambaya, sai yanzu da wani baƙo mai sayen kayan da ya yi mata kuɗi masu kauri. Ƙanena ya ce gado ce, a sayar a raba. Yayarmu ta ce in ta bar gidan nan ba ta yafe ba. Ɗana, da nake sa ran zai riƙe, ya ce mini da ladabi, "Baba, ni ban san yadda ake riƙe ta ba." Ni kuwa raina ya fi kwanta da in kai ta ga Sarkin Aska ya damƙa wa wanda ya san darajarta, in biya 'yan'uwana rabonsu daga aljihuna.

Malam, ina da ikon yin haka in ƙanena bai yarda ba? Nan da ƙarshen wata za mu tashi, ina sauraron shirin ranar Lahadi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraro daga Mokoyo, Maradi