A gina wa yaran Yamai filin allon zamiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi kira ga ma'aikatar magajin garin Yamai da ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni: a ware kuɗi daga baitulmali a gina wa yara wurin wasan allon zamiya, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu.

Duk mai bin kwalta da la'asar ya san abin da nake faɗa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ba hular kwano, gwiwa duk ƙuje-ƙuje, yana zamiya tsakanin taksi da kabu-kabu, wani ma har ya kama bayan mota ta ja shi. Mukan daka musu tsawa mu wuce. To ina za su je? Lungunanmu rairayi ne, taya ba ta gudu a kai, kwalta kaɗai ce shimfiɗar da suka samu.

Wasan nan ya wuce shiririta. Ya shiga gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13. Adis Ababa ta samu filinta a 2016, Akara a 2021, amma ƙungiyoyin matasa da tallafin waje ne suka tsaya a kai. Ni ban so mu zauna jiran mai taimako. Mun ga lambar azurfar da ɗan ƙasarmu Issoufou Alfaga ya kawo mana daga gasar Olamfik ta Riyo a 2016, a tekwando, wasan da iyayenmu ba su taso da shi ba.

Na san za a ce har yanzu akwai yaran da ke karatu a azuzuwan zana, kuma gaskiya ne, aji shi ne gaba. Sai dai abin da nake nema ba wani katafaren gini ba ne irin filin wasa na Seyni Kountché. Daɓen siminti ne mai santsi, da gangara biyu ko uku, a fegin gwamnati cikin unguwar talakawa kamar Talaje ko Bukoki. Dole a yi rumfa a dasa bedi kewaye, don a watan Afrilu siminti ba ya taɓuwa da rana. A sa fitilu masu aiki da hasken rana da famfon ruwa. Shiga ta zama kyauta, a ajiye alluna da hulunan aro, domin ɗan mai sayar da ƙosai ba zai iya sayen nasa ba. A kuma keɓe wa ƴan mata lokacinsu.

Sannan tun a kasafin farko a rubuta albashin mai gadi da kuɗin gyaran daɓe, tunda siminti na tsagewa bayan zafi da damina, kuma ƙaramar tsaga ta isa ta kada yaro.

Na gode.

Wani uba daga Talaje, Yamai