Barka da Salla daga Kanada

Inna,

Barkanku da Salla, Allah ya maimaita mana. Lokacin da muka sauko idi a nan Kalgari ku kuna shirin la'asar, don awa 7 ke tsakaninmu. Ba kakaki, ba algaita, ba dokin fada ko ɗaya, kowa ya faɗa motarsa ya yi gaba. Ragona ma ban ga idonsa ba. Kuɗi na ba mahauci, sai jibi zan karɓo nama a leda.

Abokin aikina ya ga na yi jugum, ya ce in taso mu sha iska a Banf, tafiyar awa ɗaya da rabi. Gandun daji ne da gwamnati ta keɓe tun 1885, shi ne na farko a ƙasar. Inna, duwatsun Birni da muke hawa muna yara har ki biyo mu da tsumagiya, a nan tsakuwa ne. Waɗannan kawunansu fari fat da ƙanƙara, a watan Yuni! Muka wuce tafkin Luwiz, ruwa kamar an zuba masa bula. Wai ƙanƙarar ce ke niƙa dutse, garin ya sauko ya ba shi launin. Na tsoma hannu zan yi alwala, yatsuna suka ƙage. Ruwa iya ganinka, ba mai ɗiba, sai hoto. Ni ko bidunanmu nake tunawa, jere a bakin famfo tun ukun dare.

Abin dariya, a bakin hanya muka iske ragunan dutse, ƙaho murɗaɗɗe ya kai kaurin damtsena. Ranar layya fa! Ba igiya, ba mai su, suna kallona ina kallonsu. Ko abinci ka miƙa musu tara ce. Da Kawu ne da ya taya.

Daga nan dariyar ta tsaya. Na san yanzu an tsire namu a jikin itace an jingina su kewaye da wuta a ƙofar gida, Baba na juya su yana shafa gishiri, kitse na ɗiga cikin tasa. Hayaƙi ya rufe Zango, ido na yaji ba mai kukan komai. Ke kina ciki kina suyar kayan ciki, hantar farko da kike miƙo mini a ɓoye, wa ya ci ta bana? Gobe a sassare, yara su bi gida-gida da faranti. Wannan ƙamshin na kwana biyu a riga, shi nake nema. Burodi da cuku na ci a gaban tafkin.

Ki gaida Baba. Ki gaida Kaka da kyau, ki ce mata mijinta bai yi baturiya ba, ita ce dai uwargida. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kada ta bar shan maganin don Salla. Auta, goron Sallarki na hanya, amma sai na ga sakamakon lakwal. Gwaggo ta Garin Malam, Yaya da amaryarsa, maƙwabta duka. Mai shayin bakin titi, ban manta bashinsa ba.

Kada a wahala aiko soye, ba a barin nama ya shigo. A dai ɗauko mini wutar a WhatsApp tun ba ta mutu ba.

Ɗanki