Daga Gadarif zuwa Jidda: kaka ta yi, mutumina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya aiki, ya iyali da yara? Ina fata kowa lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi. Na san za ka ce voice ya fi sauƙi, amma netwok ɗin namu ka san halinsa, kuma abun da nake son faɗa maka ba na minti ɗaya ba ne, shi ya sa na zauna a rakuba, rumfarmu ta kara, bayan la'asar nake ta danna maka wannan.

Darat, wato kaka, ya shigo mana nan Gadarif a gabashin Sudan. Yau kwana huɗu kenan da asuba na fito zan yi alwala sai na ji iskar ta juya, ta daina zuwa daga kudu da ɗanshin nan nata mai nauyi, ta dawo ta arewa, busasshiya, har ruwan buta ya ɗan yi sanyi a hannu. Wallahi sai da na tsaya da butar ina shaƙa. Da hantsi kuwa zafin darat na nan yadda ka san shi, wanda ke dafa mutum yana dafa dawa lokaci guda, amma asubar ta riga ta canja, kuma wanda ya tashi a garin nan baya buƙatar kalanda ya gane.

Ka tuna Kaka, Allah ya jiƙanta, yadda ba ta taɓa yarda ta ce kharif ko darat ba? Mu muna cewa kharif ita tana cewa damina, mu ce darat ta ce kaka, mu ce shita ta ce hunturu, mu ce sef ta ce bazara, ta ce da sunayen nan iyayenta suka taho daga yamma kan hanyar hajji bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma da su za a binne ta. Muna yara muna tsokanarta wai Kaka na jiran kaka. Yanzu ni ne nake kama kaina ina gyara wa yarana, in sun ce ankolib in ce takanɗa, in sun ce simbiriya in ce shamuwa. Shamuwar ma ta tafi, sheƙarta ce kawai ta rage a kan bishiyar bakin masallaci, ta zo da ruwan farko ta koma da na ƙarshe kamar kullum. Tsofaffin unguwa sun gama lissafin taurarinsu na ruwa, tun daga dura da natra da tarfa har simak, kowanne kusan kwana 13, sun ce an rufe littafi sai baɗi in da rai.

Abun da ya sa na tuna ka sosai shi ne riɗi. Satin da ya wuce muka yanke na ƴar gonarmu ta hanyar Doka. Kai ka san riɗi ba ya jiran kowa, da ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba to ka sa lauje, in ka ce bari gobe bari jibi kwanson zai buɗe ya zubar maka da wahalar wata uku a cikin tsagar baƙar ƙasar nan, kuma ba mai tsinto shi. To haka muka yi kwana biyar tun duku-duku, ni da Yaya da yaransa da wasu leburori biyu, ana yanka ana ɗaurewa ana jingina dami-dami a tsaye kai sama, hilla bayan hilla. Yanzu suna can suna shan rana, nan da sati biyu za mu shimfiɗa tamfol mu kifa su mu kakkaɓe. Sautin nan mutumina, shhh kamar yayyafi a kan kwano, farin riɗi na zuba yana taruwa, ni dai ban san wani sauti da ke kwantar min da hankali kamarsa ba. Addu'armu kawai kada wani ruwan tsautsayi ya sauko a kai, kuma Allah ya tsare mu da ka'uk, ƙwaron nan da ke tsotse man ya bar maka ƙaiƙayi.

Dawa kuma da saura, irin da muke kira feterita ta yi kai ta fara nuna, sai wajen Disamba za a shiga yankanta gadan-gadan. Yara na can da gwangwani da majajjawa suna korar tsuntsaye.

Da yamma in mun tashi sai mu hura wuta a bakin gona mu gasa ɗanyar dawa, farik, a murje a tafin hannu a hure a watsa baki da zafinta, ga takanɗa an karyo ana ta sha har leɓe ya tsage, ga tibish, wato gurji, da ɗan gishiri da barkono. Yaya ya kafa jabana, gahawarmu, da citta. Ba wani abun kuɗi a ciki ko ɗaya, amma na rantse maka ko a gidan biki ban ci abun da ya kai shi daɗi ba. Nan ne Yaya ya ce ina ma wane na nan, shi da baya barin kan dawa ya gama gasuwa. Kowa ya yi dariya, daga baya kuma aka yi shiru.

Ba zan ɓoye maka ba, garin ba kamar yadda ka bar shi ba ne. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka yi ta kwararowa, na Khartum, sai na Madani, sai na Sinja da ƴan uwanmu na wajen Mai Wurno, gida ɗaya sai ka ga iyali uku. Man tarakta ya yi tsada, buhun da za a zuba amfanin ma ya yi tsada, ga zazzaɓin sauro da dama lokacinsa ne, ƙaramar ɗiyata ta kwanta kwana uku amma ta miƙe. Duk da haka ranar da na ga lori na farko ya shigo kasuwar amfanin gona shaƙe da buhuna, ƴan dako na gudu, dillalai na soka buhu suna murza riɗi a hannu suna ƙirga kantar, ma'aunin nauyinmu, sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Komai ya rikice mana a shekarun nan, makaranta, albashi, hanya, amma ruwa ya zo a lokacinsa ya ɗauke a lokacinsa, ƙasa ta karɓi iri ta mayar. Da can ina ganin darat wahala ce kawai da zufa, bana ne na zauna na kalle shi da kyau.

Akwai wata baiwar Allah da ta sauka gidan maƙwabcinmu da ƴaƴanta, duk rayuwarta a birni ta yi, ba ta taɓa riƙe lauje ba. Ta bi matan unguwa tsinkar zoɓo da yankan kuɓewa, yanzu in ka leƙa rufin ɗakinsu ja ne wur da karkade a shanye, gefe kuma kuɓewa ta weka, wato garin busasshiyar kuɓewa. Jiya ta aiko mana da kwano guda wai na hannunta ne. Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi ta sa mata albarka.

Dare ma ya fara daɗi. An fito da angareb, gadonmu na igiya, tsakar gida, laka ta bushe, raksha mai ƙafa uku na shiga lungunmu ba tare da ta kafe ba, masu agashe sun dawo bakin titi da hayaƙinsu da ƙulinsu, ana ta maganar bukukuwan da aka ɗaga sai an sayar da riɗi. Nan da wata guda za a nemo barguna.

Kai fa? Kullum ina tunanin yadda kake gane shekara na juyawa a Jidda, daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa mota zuwa shago, ga gumin teku. Ka ba ni labari don Allah, ko iskar ku ma tana canjawa da asuba, ko sai dai a kasuwa kake gani in sabon dabino da rumman na Ta'if sun shigo. Ka fita ko sau ɗaya bayan sallar asuba ka tsaya ka ji, sannan ka rubuto min.

In an kakkaɓe zan kai mudu kaɗan wajen matsar mai da raƙumi ke juyawa a matso maka mai na gaske, Inna kuma ta ware maka weka da zoɓo da garin godogodo, ta ce kar a ba matarka wahalar nema. Da na samu mai tahowa umra ta Port Sudan zan haɗa shi da su, sai ka turo min lambar da zai kira.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka gaida duk ƴan garinmu da ke nan. In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a, ka sa ƙasar nan, ka kuma sa riɗin da ke tsaye a gona.

Naka har kullum,
abokinka na Gadarif