Fasuwod ɗaya kowa ya sani: a duba yadda ake ajiye bayanai a sassan jami'o'inmu

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da shugabannin sassa na jami'o'inmu.

Ni aikina kula da kwamfutoci ne a wani sashe na wata jami'a, kuma abin da nake gani kullum ya ishe ni wallahi. Sakamakon jarabawar ɗalibai na shekaru, furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, takardun ƙarin girman malamai, duk suna kan kwamfuta guda a ofishin jami'in jarabawa, fasuwod ɗin kuma an rubuta shi a 'yar takarda an manna da salatif a gefen allon kwamfutar, sakatare ya sani, masinja ya sani, ɗan bautar ƙasar da ya gama tun bara ya koma garinsu shi ma har yau yana kansa. To ranar da aka wayi gari maki 38 ya koma 68, wa za'a kama? Kowa da suna ɗaya yake shiga. Sai a kafa kwamiti, a yi ta rantse-rantse, ƙarshe a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Kowa a buɗe masa akawun nasa, mai shigar da maki daban mai dubawa kawai daban, sannan duk wanda ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wajen aiki a rufe nasa a ranar, ba sai bayan shekara biyu an tuna ba.

Sai maganar bakof, wato ajiye kwafin bayanai don gudun ɓacewa, nan ne ma abin ya fi bani takaici. Kana tambaya za'a ce maka ai an kwafa a filash. Ina filash ɗin? Yana cikin durowar teburin da kwamfutar take kai, kuma shi ne dai ake kaiwa shagon bugu a bakin get ya kwaso bairos ya dawo. In rufi ya yi yoyo da damina ko wutar nepa ta zo da ƙarfi ko ɓarawo ya shigo lokacin yajin aiki irin na 2022 da aka yi wata 8 ofisoshi a kulle, duka biyun tare za su tafi. Masu sana'ar nan ƙa'idarsu kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya kuma a wani gini daban wanda ba a jone yake da sauran ba.

Kar a ce mu ne kawai. Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan, a Disambar 2019 masu kutse suka kulle mata sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai, har da wasu na bakof ɗin, sai da ta biya kusan yuro 200,000. Jami'ar Kyoto a Japan kuma a 2021 ta yi asarar bayanai terabayit 77, ba ma kutse ba ne, manhajar bakof ɗin ce da kanta ta goge su bayan an sabunta ta. Shi yasa nake cewa bakof ɗin da ba'a taɓa gwada dawo da shi ba kar a yarda da shi, ko sau ɗaya a zango a ɗauko fayil a buɗe a gani da ido.

Kuma fa yanzu akwai doka, dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sunan ɗalibi da lambarsa da makinsa amana ce a wuyan jami'a. Roƙona ga majalisun jami'o'i, duk shugaban sashen da zai sauka a sa jerin akawun da inda bakof yake cikin takardar miƙa aiki, wanda ya gaje shi ya gwada kafin ya sa hannu.

Naku,
Mai kula da ɗakin kwamfuta a wata jami'a