Kada a hukunta soja da shaidar "na ji an ce"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don jawo hankalin masu ɗauko muku labaran kotun soja. Sukan kawo mana tuhuma da hukunci, amma da wuya su faɗa mana irin shaidar da aka karɓa.

Sashe na 37 da na 38 na Dokar Shaida ta 2011 sun hana karɓar shaidar wanda bai gani da idonsa ba, bai kuma ji da kunnensa ba, in ban da wurare kaɗan, kamar maganar wanda ke gargarar mutuwa game da abin da ya kashe shi. Dokar Rundunonin Soja kuma ta ɗora wa kotun soja ƙa'idojin shaida irin na sauran kotunan laifi. Ko malamanmu na Malikiyya da suka yarda da shaidar "na ji an ce" a kan nasaba da aure da mutuwa, ba su tsayar da haddi da ita ba.

A bariki abin ya fi haɗari. Kofur ya tsaya ya ce, "Saje ya gaya mini ya ji wane yana zuga yara su ƙi fita." Ina sajen? An tura shi bakin daga. To, wa lauya zai titsiye? Kofur bai san nisan da ke tsakanin sajen da wanda ake tuhuma ba, bai san ko akwai tsohuwar gaba ba. Ga shi masu yanke hukuncin hafsoshi ne, wanda ake tuhuma kuwa sau da yawa kurtu ne, laifin bore kuma yana iya kai mutum ga harbi. A Disambar 2014 an yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa a Abuja, sai bayan shekara guda aka mayar da shi ɗaurin shekara 10.

Amurka ta nuna mana inda sassauci ke kaiwa. Kotunan sojanta suna ƙin irin wannan shaida, amma wata dokar da ta kafa a 2006 ta buɗe mata ƙofa a kotunan soja na musamman da ke Guantanamo, sansanin da take tsare waɗanda ake zargi da ta'addanci. A shari'ar harin da aka kai wa jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Cole a Aden ta ƙasar Yaman a 2000, masu gabatar da ƙara sun nemi shigar da bayanai fiye da 100 da jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, suka rubuto a Yaman, ba tare da masu maganar sun zo kotu ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Don Allah, wakilanku su riƙa tambaya: wanda ya gani ne ya tsaya ya rantse, ko wani ne ya isar da saƙonsa?

Mai karatunku,
daga Kaduna