Wasiƙa daga bakin ƙanƙarar Aislan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya zafin Kano? Ka gaida min Hajiya da kyau.

Ka tuna ka ce Aislan sai masu hannu da shuni? To, mun je mun dawo, mu huɗu. Karo-karo muka yi, muka ɗauki hayar ƙaramar mota a Rekyabik, babban birnin ƙasar, muka hau hanya mai lamba 1 da ta kewaye tsibirin, wadda tsawonta ya haura kilomita 1,300. Mu dai kudancinta kaɗai muka bi.

Abinci da makwanci ne ke cin kuɗi a can. Otal ko leƙa shi ba mu yi ba, tanti muka riƙa kafawa a filayen da aka ware. Muka cika but da taliya da kifin gwangwani daga kantin Bónus, ga yajin da na ƙullo daga gida. Ruwan famfonsu garau yake, ba mu sayi na roba ba. Man mota ne kawai ya ɗan gasa mu.

Ita kuwa ƙanƙarar, wato makeken tulin ƙanƙara da ke kwance a kan duwatsu shekara da shekaru, kallonta kyauta ne, sai kuɗin ajiye mota. A wurin wadda ake kira Sólheimajökull mun taka kamar minti 20 muka iske ta. Na ɗauka fara fat zan gani, ashe duk zanen baƙi ne a jikinta, tokar aman wutar duwatsu. Tun 2010 ɗaliban wata makaranta ke zuwa duk shekara suna auna yadda take ja da baya. Hawa kanta sai da ɗan jagora da takalma masu ƙayar ƙarfe, da tsada kuma, ga ramuka masu zurfi, sai muka tsaya a gefe. Ban yi da-na-sani ba.

Inda na so a ce kana kusa shi ne Jökulsárlón, kimanin kilomita 380 daga Rekyabik. Tafki ne a gindin Vatnajökull, ƙanƙarar da ta rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. Gutsattsari ke ɓallewa, wasu sun kai girman ɗaki, shuɗi kamar an tsoma su a rijiyar marina, su yi ta yawo a hankali har su bi ta ƙarƙashin gada su faɗa teku. Igiyar ruwa kuma ta dawo da su kan baƙin yashi. Kafin shekarun 1930 babu tafkin nan, narkewa ce ta haife shi. Na ɗauki ɗan guntu na riƙe har yatsuna suka sandare, jikina ya yi sanyi, na rasa abin faɗa sai tasbihi.

A watan Yuni muka je, rana ba ta faɗuwa sai dab da sha biyun dare, a nan bakin tafkin muka yi Magariba. In Allah ya yarda baɗi zan koma, ka fara tari tun yanzu, kujera ɗaya taka ce.

Naka har kullum,
Amininka